Babi na 7: Ranakun da Ba a Rufe Ofis Dominsu

A ƙasashen Turai da Arewacin Amurka, Nuwamba shi ne wutsiyar kaka. Itatuwa sun gama zubar da ganye, rana takan faɗi tun ma'aikata ba su tashi daga aiki ba, sanyi kuma kullum ƙara matsowa yake yi. Mu a nan lokacin ne ake yankan dawa ana ɗaure dammuna, buji ya fara sauka, leɓɓa sun fara tsagewa. Yanayin kowa daban, amma kalandar da ke rataye a ofisoshinmu iri ɗaya ce da tasu, kuma duk wanda ya bi ta daga 11 ga Nuwamba zuwa farkon Disamba zai tarar kusan kowace rana an raɗa mata suna. Ranar 12 ta ciwon nimoniya ce, 14 ta ciwon suga, 19 ta banɗaki kuma ta maza, 20 ta yara, 25 ta yaƙi da cin zarafin mata, 1 ga Disamba ta ƙanjamau. Ba a rufe banki ko makaranta saboda ko ɗaya daga cikinsu, ba a ɗinka sabon kaya, ba a yanka ko kaza. Mutum yakan ji labarinsu ne a rediyo da safe, kafin azahar ya manta.

Ni ma haka na daɗe ina yi, har sai da na fara bin asalinsu ɗaya bayan ɗaya. Abin da na tarar ya sa na daina yi musu kallon hidimar masu ofis. Yawancinsu daga hannun mutum ɗaya ko ƙungiya ƙarama suka fito, mutanen da ba su da ikon ba kowa hutu, kuma hatimin Majalisar Ɗinkin Duniya sai daga baya ya biyo, wani bayan shekara 12, wani bayan 18. Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci a wurina: da yawa daga cikinsu kan abubuwan da baki ke jin nauyin faɗa suke.

Ita ranar ƙanjamau ma'aikatan yaɗa labarai biyu ne na Hukumar Lafiya ta Duniya a Jeniba suka kawo shawararta a 1987, James Bunn da Thomas Netter. Bunn tsohon ɗan jarida ne, ya san yadda gidajen labarai ke aiki. Ya lura cewa a 1988 za a yi zaɓen shugaban ƙasa a Amurka a farkon Nuwamba, sannan hidimar Kirsimeti za ta cinye ƙarshen Disamba, tsakaninsu kuwa akwai 'yan makonnin da editoci ke neman abin bugawa. Sai ya zaɓi 1 ga Disamba. A lokacin, ko a manyan biranen duniya iyalai sukan ɓoye abin da ya kashe ɗansu. A Najeriya sai a 1997 aka ji wani babba ya fito fili, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya sanar wa duniya cewa ƙanjamau ne ya yi ajalin ƙaninsa Fela. Kafin a iya yaƙi da cutar sai da aka fara yaƙi da shirun da ke kewaye da ita.

Babu inda wannan shiru ya fi fitowa sarari kamar maganar banɗaki. Dubi kalmomin da muke amfani da su: bayan gida, ba-haya, kewayawa, kama ruwa, biyan buƙata. Kowace kauce wa abin take yi. Wannan ladabi ne mai kyau, ba na so mu rabu da shi. Sai dai abin da ba a iya ambata a gaban manya da wuya ya shiga taron majalisa, abin da bai shiga taro ba kuma ba ya shiga kasafin kuɗi. Shi ya sa za ka ga an gina kasuwa mai rumfa ɗaruruwa, ko makarantar firamare mai ɗalibai dubu, ba a ware ko taku biyar na masai ba.

Wani ɗan kasuwa a Singafo mai suna Jack Sim ya gane wannan. Ya tara abin da ya tara a harkar kayan gini, yana da kimanin shekara 40 ya juya ga aikin al'umma, kuma a cikin duk matsalolin duniya ya ɗauki wadda kowa ke kawar da kai daga gare ta. Ranar 19 ga Nuwamba 2001 ya kafa Ƙungiyar Banɗaki ta Duniya, ranar kafuwarta kuma ita ta zama ranar banɗaki. An yi masa dariya, aka laƙaba masa sunan Mista Banɗaki, ya karɓi sunan ya ci gaba da amsa shi, don ya fahimci cewa wanda ya yi dariya ya riga ya saurara. A 2013 gwamnatin ƙasarsa ta kai maganar zauren Majalisar Ɗinkin Duniya aka amince da ranar. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 sun nuna mutum miliyan 419 ne a duniya ke yin ba-haya a fili, binciken da aka yi a Najeriya a 2021 kuma ya ƙiyasta namu kaso da kimanin miliyan 48. Yadda cutar ke tafiya ba ɓoyayye ba ne. Ruwan sama ya wanke bayan gari ya zuba a kududdufi da rijiyar da ba ta da murfi, ƙuda ya tashi daga can ya sauka a kan tuwon yaro, sai a wayi gari amai da gudawa sun shiga unguwa. Akwai kuma wahalar da ba a ƙirgawa, ta macen da za ta matse tun safe har duhu ya yi kafin ta fita, da ta yarinyar da ta fara girma ta daina zuwa makaranta wasu kwanaki a kowane wata saboda babu wurin da za ta kintsa.

A Nuwamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umarnin kawo ƙarshen ba-haya a fili kafin 2025. Shekarar ba ta isa ba, an ƙara wa'adi. Amma a Oktoban 2022 an ayyana Jigawa a matsayin jihar farko da ƙananan hukumominta 27 duka suka cim ma wannan matsayi, kuma aikin a ƙofar gidaje aka yi shi: masu unguwanni da dagatai da limamai suka buɗe baki suka yi maganar da a da ake ganin ba ta dace da rawani ba, kowane magidanci ya haƙa nasa masai.

Ranar 25 ga Nuwamba kuwa da jini aka rubuta ta. A Jamhuriyar Dominikan, can yankin Karibiyan, wani soja mai suna Rafael Trujillo ya riƙe ƙasa tun 1930 kamar gonar gado, har babban birnin ƙasar ya sauya wa suna ya sa nasa. A cikin waɗanda suka ƙi sunkuya masa akwai 'yan gida ɗaya, 'ya'yan wani manomi mai rufin asiri, Patria da Minerva da María Teresa Mirabal. Minerva ta karanta shari'a ta gama, aka hana ta lasisin aiki. Su da mazajensu suka shiga ƙungiyar ɓoye mai adawa da mulkin, inda ake kiransu da wani suna na sirri mai ma'anar malam-buɗe-littafi. An kama Minerva da María Teresa an ɗaure, aka sake su, aka ci gaba da riƙe mazajensu. Ranar 25 ga Nuwamba 1960 su ukun suna dawowa daga ziyarar kurkuku a garin Puerto Plata, 'yan sandan ciki suka tare motarsu a kan hanyar dutse. Aka yi musu duka da kulake, aka shaƙe su, tare da direbansu Rufino de la Cruz, sannan aka mayar da gawarwakin cikin motar aka tura ta rami don a ce haɗari ne. Babu wanda ya yarda. Wata shida bayan haka, a ƙarshen Mayun 1961, aka harbe Trujillo. 'Yar'uwarsu ta huɗu, Dedé, ita ta rage. Ta haɗa marayun da 'yan'uwanta suka bari da nata 'ya'yan ta raina, ta kuma riƙe gidan tarihinsu tana karɓar baƙi tana ba da labari har ta rasu a 2014. Yau hoton matan uku yana kan takardar kuɗin ƙasar, lardin da aka haife su kuma sunansu yake amsawa.

Matan Latin Amurka ne, a wani taro da suka yi a Bogota ta Kolombiya a 1981, suka ware ranar domin tunawa da su da kuma duk macen da ake cin zarafinta. A 1991 wata cibiya a Jami'ar Rutgers ta Amurka ta shimfiɗa abin ya zama gangamin kwana 16, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, ranar kare haƙƙin ɗan Adam. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta sa hannu ba sai a 1999. Abin lura shi ne yadda waɗancan mata na Bogota suka ɗaure kisan da gwamnati ta yi a kan hanya da dukan da ake yi a cikin ɗaki, suka ce tushensu ɗaya: mai ƙarfi ya tabbata ba za a yi magana ba. Mu ma mun san wannan. Mace ta zo gida da kumburarren ido, uwa ta duba ta kawar da kai, ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar nan, zaman aure ɗan haƙuri ne." Haƙuri babban abu ne a wurinmu, kuma ya riƙe gidaje da yawa da ba don shi ba da sun watse. Amma haƙurin da ake nema daga wadda aka fasa wa baki, ba a ce wa wanda ya fasa komai ba, wannan taimakon zalunci ne. Najeriya ta yi dokar hana cin zarafin mutane a 2015, wadda da farko a Abuja kaɗai take aiki sai kowace jiha ta karɓe ta da kanta. Duk shekara a waɗannan kwanaki 16 ne gidajen rediyo ke buɗe layi, kuma a nan na sha jin muryar da ke rawa tana cewa wannan ne karo na farko da ta gaya wa wani.

Maza ma suna da nasu shirun. Wani malamin tarihi a Tirinidad da Tobago, Jerome Teelucksingh, shi ya tsayar da 19 ga Nuwamba a matsayin ranar maza a 1999, ya zaɓe ta ne saboda ita ce ranar haihuwar mahaifinsa. A 2003 kuma wasu abokai a birnin Melbon na Ostireliya, su 30, suka yi alkawarin barin gashin baki har ƙarshen watan, abin da ake kira Movember. Daga shekarar da ta biyo baya suka mai da shi hanyar tara kuɗi don yaƙi da ciwon dajin mafitsara na maza. Dabarar mai sauƙi ce: wanda bai saba barin gashin baki ba idan ya bari za a tambaye shi dalili, daga nan hira ta buɗe. A ƙasar da gashin baki da gemu suke abin yau da kullum dabarar ba za ta ci ba, amma matsalar tana nan. Dattijo zai shekara yana fama da fitsari yana ɓoyewa, sai ranar da ya tsaya cak a ɗauke shi ranga-ranga.

Akwai wani rukunin ranaku a wannan wata da ba ruwansu da kunya, kuma su ne suka fi kowa amo. A 1993 ɗalibai a Jami'ar Nanjing ta ƙasar Sin suka mai da 11 ga watan 11 ranar tuzurai, saboda lamba ɗaya sau huɗu ta yi kama da sanduna tsaye babu reshe. Wasa ne na samari, ɗan'uwan kamun gwauro da Nalako ke yi a Kano cikin azumi. A 2009 kamfanin Alibaba ya ɗauke ta ya mai da ita ranar rangwame, ya fara da 'yan kasuwa 27. Bayan shekara goma, a 2019, cinikin wannan rana ɗaya ya haura yuwan biliyan 268. A Amurka kuma akwai washegarin bikin godiya, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba. 'Yan sandan Filadelfiya ne suka yayata sunan Black Friday, wato Baƙar Juma'a, saboda cunkoson masu sayayya da ke hana su sakat. Sunan ya bi kasuwancin intanet ya zagaye duniya, har ya iso mana ta shaguna irin su Jumia da Konga. A ƙasashen Larabawa kamfanin Souq ya ga bai dace a jingina baƙi ga Juma'a ba, ya kira tasa Farar Juma'a a 2014.

Ba na ganin laifin wanda ya jira rangwame ya sayi abin da yake buƙata. Abin da ke damuna shi ne ƙarfin muryar. Saƙon rangwame zai shigo wayarka sau biyar a yini, na gwajin jini kyauta kuwa sai ka yi sa'a ka ji shi sau ɗaya. Wasu sun yi ƙoƙarin mayar da martani. Wani mai zane a Vancouver ta Kanada, Ted Dave, ya ƙirƙiro ranar ƙin sayen komai a 1992, daga baya aka ɗora ta a kan ita Baƙar Juma'ar. A 2012 wata cibiyar al'umma a New York ta fito da Talatar bayarwa, wadda ke biyo bayan kwanakin sayayyar, don a tuna da mabuƙata. Wanda ya tashi a gidan da ake fitar da zakkar hatsi a daidai wannan lokaci na shekara, dami ɗaya cikin goma, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Su ma ranakun wayar da kai suna da tasu cutar. Na halarci taron da aka yi a ɗakin otal mai sanyi, aka raba riguna da huluna masu tambari, aka yi jawabai da Turanci, aka ɗauki hoto, aka watse, alhali mutanen da abin ya shafa suna bayan katangar otal ɗin ba wanda ya gaya musu ana yi. Raina ya ɓaci a ranar, kuma har yanzu idan na tuna yakan ɓaci, don na san daga inda waɗannan ranaku suka fito. Lahadi ta uku a Nuwamba, alal misali, ta tunawa da waɗanda suka mutu a haɗarin mota ce. Wata uwa a Landan, Brigitte Chaudhry, direba ya ƙetare jar wuta ya kashe mata ɗa a 1990, ta ga yadda shari'a ta ɗauki abin kamar ƙaramin laifin hanya. Ta kafa ƙungiyar RoadPeace a 1992, aka fara taron tunawar a 1993, Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓa a 2005. Hanya tana cin kimanin mutum miliyan 1.19 a duniya duk shekara. A wurinmu ranar tana faɗowa ne cikin watannin ƙarshen shekara, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ke zagaya tashoshi tana jan kunnen direbobi, hazo ya rufe hanya, motocin hatsi suna tafe da lodi ya fi ƙarfinsu, mutane a zaune a kan buhuna. Wurin wannan rana tasha ne, a gaban direba da kwandasta da ɗan kamasho.

Wadda ta taɓa gidanmu ita ce ta 14 ga wata. Ranar haihuwar Frederick Banting ce, likitan Kanada da aka haifa a 1891, wanda shi da ɗalibi Charles Best suka fitar da sinadarin insulin a Jami'ar Toronto a 1921. Kafin nan, yaron da ya kamu da ciwon suga mai tsanani ba ya daɗewa. A Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar, ya tashi. Waɗanda sunansu ke kan takardar mallakar maganin suka sayar wa jami'ar da ita a kan dala ɗaya kowannensu, don kada kuɗi ya hana kowa samu. Tarayyar ƙungiyoyin ciwon suga ta duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ware ranar a 1991, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a 2006. Ƙiyasin tarayyar na 2021 ya ce manya miliyan 537 ke da ciwon, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba.

Kawuna yana cikin waɗanda ba su sani ba. Ya fi shekara yana ramewa, yana tashi fitsari sau huɗu ko biyar a dare, buta ba ta rabuwa da gefensa saboda ƙishi. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce shawara, an jiƙa saiwoyi har an gaji. Idan an ce a je asibiti sai ya ce ai ba ya kwance. Wata ranar kasuwa cikin Nuwamba muka tarar ɗaliban koyon jinya sun kafa rumfa kusa da 'yan hatsi, teburi ɗaya da benci biyu, wani da lasifika yana cewa gwajin suga kyauta ne. Na ce, "Kawu, mu ɗan tsaya mana." Ya ce, "Kai dai yaron nan ba ka gajiya." Da asibiti ne da ba zai shiga ba, amma a nan ga sa'anninsa a layi, ga mai goro, ga wani dillalin awaki da suka saba, sai ya zauna. Wata yarinya cikin farin kaya ta goge masa ɗan yatsa da auduga, ta ce, "Baba, ɗan tsini ne kaɗan." Ta ɗiga jinin a kan tsinken gwaji, muka zuba wa na'urar ido. Da lambar ta fito ba ta ce komai ba, ta kira babbarsu. Ita kuma ta durƙusa a gabansa ta tambaye shi ko yana yawan tashi da dare, ko ƙafafunsa suna yi masa kamar ana tsira allura. Kawu ya dube ta ya ce, "'Yata, wa ya gaya miki?"

Yau shekara shida ke nan. Mai shayin unguwa ya san nasa ba a sa suga, tuwon dare an rage masa malmala, an ƙara ganye a miya. Ya fara da ƙwayoyi, daga baya likita ya mayar da shi kan allura. Kuɗinta kullum hawa yake yi, mu 'ya'ya da ƙanne muke haɗawa duk wata, wani watan da ƙyar. Da yake wuta ba ta zama, ba ya dogara da firji. Ya sami ƙaramin tulu ya zuba yashi mai laima, ya sa kwalbar a cikin gwangwani ya binne ta zuwa wuya, ya ajiye a lungun ɗaki inda rana ba ta kaiwa. Kowace safiya bayan ya dawo daga masallaci yakan yayyafa wa yashin ruwa kafin ya ɗauko sirinji.